Ranar da Na Ji Kukan Sanda a Lasifika

Daga Tambuwal.

Zuwa ga ɗana Malami,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka Rabi, da jikokina, amaryata Nana da abokin faɗana Buhari. Allah shi sauke ku Kaduna lafiya, shi tsare ku daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, shi sa wannan sabon aiki da anka ba ka ya zamo alheri gare ka da gare mu baki ɗaya.

Na sa innarku ta cusa takardar cikin akwatinka ne, don na san in na ce mu zauna in faɗa maka da baki, za ka sunkuyar da kai kana "To Baba, to Baba," ni kuma nauyi ya sa in haɗiye rabin maganar.

Shekaranjiya da la'asar ina zaure ina gyaran mangalar jaki, na ji Nana tana roƙonka a tsakar gida. Ta ce, "Baba, in mun je Kaduna za ka kai mu wurin lilo?" Rabi ta sa baki, ta ce ta ji akwai wani fili can da anka yi don yara, da lilo iri-iri da namun daji cikin keji. Sai na ji ka ce, "Ba inda za ni da ku. Ko an manta abin da ya sami Sanda a Sakkwato?"

Malami, wannan magana tawa ce, a bakina ka tsince ta, kuma na rubuto ne in karɓe abata. Ina son ka kai yaran nan. Ba shawara nika ba ka ba, umurni ne na uba. Amma ba zan ce ka tafi ido rufe ba. Lokacin da abin ya faru kana Zariya wajen karatu, abin da ya kai kunnenka gutsure ne kawai: ƙanenka ya ɓata, an gan shi. Yau zan ba ka shi ɗungurungum, da duk inda na yi tuntuɓe, don kai ka ɗaga ƙafa in ka iso wurin.

Shekarar da anka ba ƙasar nan mulkin kai ne, gero ya shiga rumbu, dawa tana bisa kara. Akwai wani direba, Tanko, da ke ɗauko mini hatsi daga Kebbe. Wata rana muna sauke buhuna ya ce mini an kewaye wani fili a Sakkwato don murnar abin, an kafa kayan wasa irin waɗanda ba a taɓa gani ba. Ya ce akwai dawakan katako masu gudu da kansu, da jirgin ƙasa ɗan ƙarami da yara ke shiga. Ya rage murya ya ce, "Malam Garba, har giwa an kawo."

Ban ko tambaye shi ko da idonshi ya gani ba. Na shigo gida na kira ƙannenka, Hajo da Sanda. Hajo tana famfarar haƙora a lokacin, Sanda ko bai wuce shekara fuɗu ba. Na zaunar da su na zazzage musu duk abin da Tanko ya faɗa, na ƙara gishirina bisa nashi. Na ce giwar tana durƙusawa yaro ya hau. Kuma tafiyar da sauran makonni. Kullum gari ya waye Sanda na bakin ƙofar ɗakina, "Baba, yau ne?" Duk unguwa ba wanda bai san zai hau giwa ba. Tuwo ma sai an lallashe shi yake ci.

Ba giwa a filin nan, Malami. Jirgin ma babu. Daga baya na tsare Tanko, ya sosa ƙeya ya ce shi ma a tasha ya ji. Abin da ke akwai ya isa yaro ya yi murnar shekara: ga kura da takunkumi, ga biri mai rawa, ga jimina, ga lilo. Amma yaron da anka yi wa alkawarin giwa, mi biri zai yi mishi? Duk inda munka tsaya sai ya ja mini riga, "Baba, ina giwar?" Ni da bakina na rage wa abin daraja tun kafin su gan shi.

Don haka in kun natsu a Kaduna, ka fara zuwa wurin kai kaɗai. Gani ya kori ji. Ka dubi ƙofar shiga da ta fita, ka ga inda inuwa take, inda ruwa yake, inda yaro zai zagaya in ya matsu, inda za ka yi salla. Ka tambayi masu tsaron wurin wace rana mutane sunka fi ƙaranci. Sa'annan ka faɗa wa yara abin da idonka ya gani, ka ma rage wani abu ka bar musu su gano da kansu. Kuma kada ka sanar da su sai tafiya ta matso. Zuciyar yaro ba ta ɗaukar dogon jira.

Tuntuɓe na biyu ya fi wannan nauyi a raina, don ya shafi innarku. Da ta ji shirin ta same ni ta ce, "Malam, yara biyu, kai kaɗai, cikin taro? Ka bari in bi ku. In kuma ba ka so, ka tafi da yayarka Kulu."

Na ce, "Mi mace za ta yi cikin taron maza? Ni da nika kora jakai goma daga Fakku zuwa nan, yara biyu za su gagare ni?"

Ranar tafiya ta haɗa ƙunshi: gorar ruwa, da fura, da ƙuli-ƙuli, da wando na canji don Sanda, da wani tsohon zane. Na dubi ƙunshin, na dubi sabuwar rigata da rawanina, na ga in na rataya wannan kaya mutanen birni za su ce ga baƙauye ya iso. Na ajiye shi bayan ƙofar zaure na yi gaba. Na ce a raina, birni ne, mi za a rasa?

Motar Tanko munka shiga, bisa buhuna. Ba mu wuce Dogon Daji da nisa ba girgizar hanya ta juya cikin Sanda, ya amayar da kokon da ya sha, bisa jikinshi da nawa. Ba ruwan wankewa, ba wandon canji, ba zanen shafewa. Wata tsohuwa da ke zaune gefenmu ta tsiyaya mini daga butarta, tana kallona tana girgiza kai, ta ce, "Ina uwar yaran ga?" Rawanin nan da nika taƙama da shi, shi na warware na naɗe yaro. Da shi ya shiga Sakkwato, ni kuma da hula tsirara da riga mai tsami.

Ka saurari Rabi. Ita ta san lokacin da yunwa ke kama Buhari tun kafin ya buɗe baki, ita ta san abin da ke firgita Nana. Kai da rana kana wurin aiki, labarinsu kawai kake ji. Ku zauna ku shirya tafiyar tare, abin da ta ce a ɗauka ka ɗauka, ko da ya ɓata maka kwalliya. Kuma ku tafi tare. Kowane yaro da babba nashi, kowane ƙaramin hannu cikin babban hannu. In yara sun fi ku yawa wata rana, ku nemi wanda zai raka ku, ko ku bar wasu sai wani zuwa.

Rana na tsaka munka sauka. Na wuce da su gidan kawunku Mamman, ƙanen innarku, wanda ke ɗinki a can. Ya ga yara sun yi laushi, ya ce, "Yaya, ku huta yau. A wanke su, su ci abinci, su yi barci. Gobe da sanyin safiya ni da kaina in raka ku, kafin taro ya cika."

Na ƙi. Tanko zai juya washegari da hantsi, ni kuma ina son in iske kasuwar da nika ci a wannan mako. Wai in jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Mamman yana da ɗinkin da zai miƙa a ranar, bai iya bin mu ba. Anka wanke Sanda, anka ara mishi wandon ɗan maƙwabci, na ja su munka fita cikin wannan zafi na ƙarshen damina da ke tsotse mutum kamar rake.

In ka ware rana don yara, ka ba su ita duka. Kada ka raɓa mata wata buƙata taka, ba ziyarar aboki, ba sayayya. Ku fita da sassafe da ciki cike, ku baro wurin tun suna dariya. Na lura mu manya muna da wani kwaɗayi: tunda mun sha wahalar zuwa, sai mun ga komai. Yaro ba haka yake ba. Abu biyu ko uku sun ishe shi. In ya fara murza ido ko yana faɗa da ɗan'uwanshi ba dalili, tafiya ta ƙare ke nan, ko da rabin filin ba ku taka ba.

Filin ya cika ya batse. Tutoci kore da fari ko'ina, makaɗa ta nan, 'yan kokawa ta can, masu alewa da masu ƙosai, ga wata rumfa a tsakiya da anka ɗaura wa lasifika bisa dogon itace, wani mutum na ta sanarwa. Daga ƙofa Sanda ya hangi famfo. Ka tuna a lokacin bai taɓa ganin ruwa na fitowa daga ƙarfe ba, rijiya kawai ya sani. Ya tsaya cak. Wani ya murɗa, ruwa ya zubo, ya rufe, ya tsaya. Yaron nan ya ƙyalƙyale da dariya, ya manta da giwa, ya manta da zafi. Ya ce, "Baba, bari in taɓa." Na bar shi ya sha, ya murɗa sau ɗaya, na fizge shi. Na ce, "Daga Tambuwal munka taso don kallon ruwa?"

Dawakan katakon kam gaskiya ne, sai dai ba da kansu suke gudu ba. An jera su bisa wani babban faifai mai rumfa, an shafa musu fenti ja da shuɗi, wasu ƙarti na turawa yana juyi. Layi ya yi tsawo. Munka tsaya cikin rana har ƙafafuna sunka yi sanyi. Duk tsawon jiran nan idon Hajo na bisa wani jan doki mai farar goshi. Ta matso ta ce a hankali, "Baba, ni wancan nika so."

Na duba na ga yawancin masu hawa maza ne. Na ce, "Ke ki tsaya ki yi kallo. Hawan doki na maza ne."

Ta saki hannuna.

Da layi ya iso kanmu Sanda ya ga yadda abin ke juyi, ya ƙanƙame ƙafata. "Ba ni so, Baba. Ba ni so." Mutane na bayanmu suna jira, wani na cewa, "Malam, in ba ya hawa ku ba mu wuri." Kunya ta kama ni. Na ce ɗan Garba ba zai zama abin dariya a birni ba. Na ɗaga shi na ɗora bisa doki, na ɓamɓare yatsunshi daga rigata na ɗora bisa wuyan katakon. Anka tura. Duk zagayen da zai yi ya wuce ta gabana, bakinshi a buɗe, yana miƙo mini hannu ɗaya. Ni ko ina tafi ina cewa, "Riƙe da kyau, namiji!" Da anka sauke shi ya sake ƙanƙame ƙafata.

Ka ga aikin da na yi: wadda ke so na hana ta, wanda ba ya so na tilasta shi. Ba don su na yi ba, don idon mutanen da ban sani ba, waɗanda ba su ƙara tunawa da ni ba. Malami, in Buhari ya ga dama ya wuni yana kallon tururuwa a gindin itace, ka tsuguna ku kalla tare. In Nana ta ce za ta hau, ka ɗora ta, ka tsaya inda za ta riƙa ganinka. In yaro ya ce yana tsoro, ka yarda da shi. Ku tsaya gefe ya kalli wasu, watakila ya nema da kanshi, watakila sai baɗi. Ba abin da ya ɓaci.

Yanzu ga inda kai ka ji labari.

Bayan lilo na ja su wajen 'yan kokawa, don ni abin da raina ke so ke nan. Nan na yi kiciɓis da wani abokin cinikina mutumin Jabo, wanda munka daɗe ba mu haɗu ba. Gaisuwa ta ja hira, hira ta ja zancen dawar bana. Na ce wa Hajo, "Riƙe ƙanenki, kada ki sake shi." Na juya musu baya. Can anka ka da wani shahararren ɗan kokawa, taro ya ruɗe, mutane sunka yi gaba kamar ambaliya. Da ƙura ta lafa na waiwaya, sai ga Hajo ita kaɗai, tana waige-waige, takalmin Sanda ƙafa ɗaya a hannunta.

"Ina ƙanenki?"

"An ture mu, Baba. Na riƙe shi, an ture mu."

Na sha shiga daji da jakai, na taɓa kwana bisa itace don tsoron kura a hanyar Fakku, amma ban san tsoro ba sai ranar nan. Na ja Hajo muna kutsawa, ina kiran "Sanda! Sanda!" Kiɗa ya haɗiye muryata. Kowane yaro na hanga sai in ga kamar shi ne. Na koma wurin lilo, babu. Na je famfo, babu. Na tambayi masu ƙosai, wata ta ce, "Wane irin kaya ya sa?" Wandon aro ne, ban ko dubi launinshi ba. Na tuna da kurar nan, na tuna ƙofar filin a buɗe take, motoci na wucewa a waje, na tuna fuskar innarku. Na tsuguna tsakiyar mutane ina "Innalillahi," Hajo na tsaye bisa kaina tana kuka ba sauti.

Ina nan tsugune sai kiɗan lasifika ya tsaya. Anka yi gyaran murya. Sai kukan yaro ya cika filin nan gaba ɗaya, daga sama, kamar daga gajimare yake saukowa. Uba ba ya ɓatan kukan ɗanshi. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba.

Mai sanarwa ya ce, "Jama'a, ɗan doka ya tsinci yaro. Yi shiru, yaro. Mi sunanka?"

"Sanda."

"Sanda, wa ne ne babanka?"

"Baba."

Fili ya ɗauki dariya. Mutumin ya sake cewa, "To, daga wane gari kunka zo?"

Cikin shessheka ya ce, "Daga gida."

Dubban mutane na dariya, ni ina gudu ina ture su, hawaye na zuba cikin gemuna. Na iske shi zaune bisa tebur, ƙafa ɗaya ba takalmi, an ba shi alewa ya riƙe bai sha ba. Da ya gan ni ya faɗo jikina. Ɗan dokan, wani dattijo mai furfura, ya ce a bakin ƙofar fita ya tare shi, yana bin wani mutum mai riga irin tawa. Ya dube ni ya ce, "Malam, da ya fita, da wani zance ake yi yanzu." Na kasa ɗaga ido.

Tun yau, kafin ma zancen tafiya, ka koya wa Nana da Buhari cikakken sunanka, da sunan unguwar da kunka sauka, da inda kake aiki. Ku mai da shi waƙa su riƙa yi. Ranar fita a sa musu tufa mai launin da ido ke kamawa daga nesa, ka dube su da kyau kafin ku bar gida. Da kun shiga, ka nuna musu wuri guda, itace ko rumfa, ka ce duk wanda bai ga Baba ba ya tsaya nan kada ya motsa. Ka nuna musu masu kayan sarki, ka ce waɗannan ake gaya wa. In ka haɗu da aboki, ku gaisa hannunka na cikin na ɗanka, ka ce mishi sai wani jiƙon.

Akwai abin da ko innarku ban faɗa wa ba sai bana. Da munka fito daga rumfar nan, tsoron da ya cika mini ciki ya nemi hanyar fita, ya juye ya zama fushi. Na juya na kwaɗa wa Hajo mari a gaban mutane. Na ce, "Ban ce ki riƙe shi ba?" Yarinyar da haƙoranta ba su gama fitowa ba, na ba ta aikin da ni babba na kasa, sa'annan na hukunta ta. Har munka dawo Tambuwal takalmin nan na hannunta. Da innarku ta tambaye ta mi ta gani a birni, ta ce, "Ba komai."

Kada ka taɓa ba yaro tsaron yaro cikin taro. In kuma wani abu ya faru, Allah shi kiyaye, ka haɗiye harshenka har zuciyarka ta sauka. Abin da uba ya faɗa cikin firgita yaro na ɗauke da shi har girma.

To, duk waɗannan kurakuran na tafiya ɗaya ne. Wanda ya fi su girma shi ne wanda na yi shekaru ina yi. Na dawo gida na rantse ba ɗana da zai ƙara shiga taro. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Na hana su zuwa kallon kokawa a nan cikin gari, na hana su bin innarku biki a Kebbe, ko filin idi sai ina riƙe da wuyan rigar Sanda. Kullum ina nanata musu, "Kun manta Sakkwato?" Ina ganin tsare su nika yi.

Ka ga sakamakon da idonka, ko da ba ka san tushenshi ba. Sanda ya tasa, amma in an aike shi kasuwa sai ya tsaya bakin hanya ya roƙi wani ya shiga mishi. Hajo da ke cika gida da surutu ta zama mai magana ɗaya biyu. Ba taron Sakkwato ya yi musu haka ba. Yaro na mantuwa, da na bar su da sun manta. Ni na riƙa shayar da tsoron nan kamar dashen mangwaro. Yanzu kuma na ji shi a bakinka, zai tsallaka zuwa ga jikokina. A nan kam na ja layi. Ba zai wuce ta kaina ba.

Kuma kada ka ce tsoho na aika ka inda shi ba ya zuwa. Tun farkon bazarar nan na fara ɗaukar Sanda muna cin kasuwar Dogon Daji tare. Zuwan fari yana manne da ni kamar kaska. Makon jiya shi ya shiga rumfar masu gishiri shi kaɗai, ya yi ciniki ya dawo, yana tafe yana ƙoƙarin ɓoye murmushi. Hajo kuma na kira ta zaure na ba ta haƙuri. Ban taɓa sanin kalma biyu na da nauyi haka ba. Ta daɗe tana wasa da bakin mayafinta, sa'annan ta ce, "Baba, ai na daɗe ina zaton har yanzu fushi kake da ni." Shekaru, Malami. A gida ɗaya, muna cin tuwo ɗaya.

Saboda haka ga abin da na yanke. In Allah ya kai mu kaka, anka gama yankan dawa, makaranta ta ba da hutu, zan zo Kaduna. Zan zo da innarku, da Hajo, da Sanda. Na faɗa wa innarku, ta dube ni kamar ba ta gane ni ba, sa'annan ta ce, "Ni da ko Sakkwato ban taɓa gani ba, sai Kaduna?" Na ce sai Kaduna. Tun ranar take ta tambayar matan unguwa yadda ake zama cikin jirgin ƙasa. Kafin mu iso ina son ka riga ka kai iyalinka ko sau ɗaya, ka san wurin ciki da bai, don kai za ka yi mana jagora. Ni wannan karon bin baya zan yi, abin da anka ce in yi shi zan yi.

Ka riƙe salla a kan lokaci, ka kyautata wa maƙwabtan da za ka iske, ka riƙe amanar aikin da anka ba ka. Innarku na gaishe ku, ta ce a shafa mata kan yara. Gwaggonka Kulu na gaisuwa. Ka gai da Rabi, ka ce mata na ji maganarta a tsakar gida kuma ita ke da gaskiya. Ka ce wa amaryata angonta na nan tafe, ka ce wa Buhari ya ci tuwo da yawa don kokawarmu na nan.

Allah shi tsare fitarku da shigarku, shi tsare gabanku da bayanku, shi raya muku zuriya cikin albarka, shi haɗa fuskokinmu da alheri. Amin.

Ka rubuto da wuri ka faɗa mini inda za mu sauka. Mu nan mun riga mun sa rana.

Ni ne mahaifinka,
Garba.